Kada Ki Yafe Damin Nan, Barira

Tasawa, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Ubangijin da ya raka ki tun daga ƙofar gidanmu har garin Alasan Mai Rairai ya ci gaba da tsare ki, ya sa albarka a hannun da za ki riƙa karɓar haihuwa da shi, ya haɗa ki da majo mai haƙuri, shugaban likitar da aka tura ki, wato asibitin garin, ya ba ki maƙwabta masu tsoron Allah. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Labarin gida ba zan ba ki ba, waya ta isa wannan aiki. Na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana wadda in na faɗe ta a waya za ki ce mini "to, Baba" sau bakwai, ki kashe, iska ta kwashe ta. Tun da Allah ya karɓi ran mahaifinki, yayana Illa, wanda kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran duk malamin boko, ni ne uban da ya rage miki. Shekaru goma sha uku kacal na ba ki, na sani, amma ubantaka matsayi ce, kuma ina da niyyar riƙe ta da cikakken nauyinta.

Ranar da za ki hau mota kin bar wa innarki saƙo. Kin ce a gaya wa ƙanenta, Kawu Idi, wanda ke noma gonar nan ta gefen garin Kona da ta zo rabonki a gado, cewa daga bana ya daina kawo damin hatsin da yake kawowa kowace kaka. Hujjarki ita ce kin samu matirkil, lambar ma'aikaci, sunanki ya shiga kundin ma'aikata, albashi na zuwa, in tsufa ya yi kuma ga fansho. Abin kunya ne ma'aikaciyar gwamnati ta miƙa hannu ta karɓi dami ɗaya wurin kawunta mai ɗimbin iyali. Innarki ta ba ni saƙon in kai. Ina shaida miki a rubuce cewa na riƙe shi, ban kai ba. Kafin ranki ya ɓaci, karanta dalilina har ƙarshe, domin wannan tunani naki ba baƙo ne a gidanmu ba. Ni na fara shigo da shi, kuma na san farashinsa.

Kina yarinya lokacin da na dawo daga jami'a da lisans ɗina, digirin farko na ilimin tattalin arziki. A wancan zamani mahaifinki yana da babbar gona a ƙauyenmu, wadda ya gada daga kakanki. Da yake aikin lakkwal, wato koyarwa a makarantar boko, ya yi ta yawo da shi gari gari, sai ya ba wani dattijo, Nomau, aronta. Shekara ashirin Nomau yana nomanta, kuma kowace kaka sai ya ɗoro dami ɗaya a jaki ya kawo har Tasawa. A kakar da na dawo ina zaune a zaure ya yi sallama. Ya sauke damin a gaban maƙwabta biyu da suka zo gaisuwa, ya ce:

"Mushe, ga amanarka ta bana."

Mahaifinki ya ɗaga damin da hannu ɗaya ya ce, "Kai Nomau, wannan dami azumi ya yi ne?"

"Ruwa ne suka yi rowa, Mushe. Gonarka ce, je ka tambaye ta da kanka."

Aka yi dariya, aka kawo masa fura. Ni ban yi dariya ba. Abin da na gani shi ne tsoho talaka ya yi tafiyar rabin yini don ya kawo wa mai albashi hatsin da bai isa cin mako biyu ba. Kafin ya ajiye ludayi na fara jawabi. Na ce wannan al'ada ragowar danniya ce, wadda wayewa ba ta yarda da ita ba. Na ce a ƙa'idar tattalin arziki gonar da ba ta kawo wa mai ita riba jari ne matacce. Mahaifinki, wanda ya laƙaba mini suna Ƙamus tun ina kwaleji, ya ce, "Ƙamus, bar baƙo ya sha furarsa tukuna."

Ban bar maganar ba. Mako guda ina binsa da ita. Na ce masa gona tana da fari, tana da fara, tana da tsutsa, gwamnati kuwa ba ta jiran hadari kafin ta biya. Na ce fansho haƙƙi ne tabbatacce da doka ta rubuta, mutumin da ke da shi bai da buƙatar damin kowa. Ya saurare ni, a ƙarshe ya ce in yi abin da na ga ya dace. Yau na gane ba hujjata ce ta rinjaye shi ba. Shi ya ɗauki nauyin karatuna, kuma mutum yana so ya ga abin da ya wahala a kansa ya yi amfani.

Na hau babur na tafi ƙauye, na samu Nomau a bakin masallaci cikin jama'a, na sanar da shi cewa mun ɗauke masa wannan wahala har abada. Na zaci zai yi godiya. Sai ya dube ni ya ce:

"Ɗan boko, ai ba don cikin Mushe nake kai damin nan ba."

Na ce, "To don me?"

Ya ce, "Don 'ya'yana su ga inda nake kai shi."

Na yi murmushin wanda ya ji maganar ƙauye, na tada babur na dawo. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne uwar sauran.

Ki fahimci abin da na kasa fahimta da lisans a aljihuna. Damin aro ba haya ce ba, kuma ba sadaka ce ba. Shaida ce mai ƙafafu, wadda ke fitowa daga gona kowace shekara, ta ratsa gari da rana tsaka, ta shiga gidan mai gonar, kowa yana kallo. Yaron da ya ɗaure shi ya san gonar ba ta ubansa ba ce. Matar da ta ga an wuce da shi ta ƙofarta ta zama mai shaida ba tare da an kira ta ba. Kakanninmu ba su da biro, ba su da hatimi, amma sun ƙirƙiro rijistar da gara ba ta ci. Ranar da aka daina kai dami, ranar aka fara goge sunan mai gona, shekara shekara, har ya ɓace. Wannan ne abin da kike shirin yi wa kanki da sunan kunya da kara.

Kuskurena na biyu ya zo ne lokacin da mahaifinki ya yi ritaya. Ni na haɗa masa dosiye, fayil ɗin neman fansho, na jera takardun da kyau, na tabbatar wa gida cewa wata uku ya yi yawa kuɗi za su fara sauka. Dosiye ya tafi, aka ce saura takarda ɗaya. Muka nemo ta, muka kai Maraɗi, aka ce sai Yamai. Ba na zargin kowa a nan. Na ga teburan da idona, na ga tsaunin takardun da ke gaban mutum ɗaya, kowace takarda kuwa wani tsoho ne ke jira a bayanta. Amma albashi ya tsaya cak tun watan farko, ciki kuwa bai san an yi ritaya ba.

Kin tuna wannan lokaci, ko da ba a gaya miki sunansa ba. Shi ne lokacin da muka koma sayen hatsi tiya tiya. Shi ne lokacin da tumakin innarki suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Shi ne lokacin da ta fara soya ƙosai tana sayarwa a ƙofar lakkwal ɗin da mijinta ya shugabanta, yaran da ya koyar suna miƙo mata kuɗi suna sunkuyar da kai.

Da damina ta matso, wani maƙwabcinmu mai kirki ya zo ya ce yana da fili a bayan gari, Mushe ya shuka ko wake ne kafin abin ya daidaita. Mahaifinki har ya fara neman hauya. Ni na hana. Na ce martabar tsohon shugaban lakkwal ba ta yarda a gan shi cikin kunyoyin gona yana gumi ba, na ce kuɗin da suka taru na nan tafe gaba ɗaya, za su share mana hawaye. Maimakon iri, sai na zauna na rubuta wasiƙar tuni da Faransanci, shafi huɗu, wadda har yau ina ganin babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikinta. Na karanta masa da murya mai ƙarfi. Ya gyaɗa kai ya ce:

"Ƙamus, wasiƙar nan ta yi kyau ƙwarai. Dafa ta za a yi ko soyawa?"

Damina ta zo ta wuce, filin nan wani ya shuka shi ya girbe.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa fansho ya zo. Ya zo, ya ci gaba da zuwa har ranar da mahaifinki ya bar duniya, kuma innarki tana samun rabonta a ciki har yanzu. Wanda ya ce miki ƙarya ce tsagwaronta bai faɗi gaskiya ba. Amma abu biyu na koya daga zuwansa. Na farko, bai kai albashi ba, alhali tsufa ya fi ƙuruciya tsada: ga maganin hawan jini, ga ido, ga aurar da 'ya'ya, ga dangi da ke ci gaba da zuwa domin a idonsu mushe mushe ne har kabari. Na biyu, shi adadi ne da ke tsaye wuri ɗaya, farashin tiya kuwa matafiyi ne. Abin da ya cika buhu a shekarar farko, bayan 'yan shekaru rabin buhu yake tsayawa, kuma babu wanda ya sace ko dala. Kasuwa ce kawai ta yi gaba ta bar shi.

Yanzu ki dubi naki lissafin da idon basira. Ke yau kika fara aiki. Tsakaninki da fansho akwai shekaru talatin da wani abu. Wane mahaluki ne zai dafa littafi ya rantse miki da yadda baitulmali zai kasance a wannan rana? Asusun fansho rijiya ce da masu aiki ke zuba wa ruwa, waɗanda suka huta suna ɗiba. In masu ɗiba suka yawaita fiye da masu zubawa, dole guga ya ƙanƙance ko layi ya yi tsawo. Wannan ba siyasa ba ce, hisabi ne, kuma da shi nake cin abinci. Dokokin da aka rubuta da hannu, da hannu ake sake su. Gwamnati ma tana da nata shekarun fari, ko da ba hadari take jira ba. Sannan ke kanki ba ki san ko za ki cika shekarun aikin ba: lafiya, aure, ƙaura, duk suna iya katse hanya a tsakiya. Ban ce ba za ki samu ba. Ina kyautata zaton za ki samu, ina kuma yi miki addu'ar tsawon ran da za ki ci shi. Abin da nake cewa da cikakken yaƙini shi ne, babu mai iya ba ki tabbacin yawansa, ko ranar zuwansa, ko abin da zai iya saya. Saboda haka ki ɗauke shi a matsayin miya. Tuwon kuwa ki tanade shi da hannunki tun yanzu.

Kuskurena na uku shi ne wanda nake jin nauyin rubutawa, amma in na ɓoye shi wasiƙar ba ta da amfani.

Da muka ga fansho ba zai riƙe gida ba, sai muka tuna muna da gona. A lokacin Nomau ya rasu, babban ɗansa Sallau ne ke riƙe da gandun. Kaka tara ke nan ba a kawo dami ba, kuma cikin shekarun nan tara ko sau ɗaya ban taka gonar ba. Da muka je, da kyar mahaifinki ya gane ta. Su Sallau sun reni gawo ya yi inuwa, sun dasa gamba a kan iyaka, sun sa Fulani sun kwana da shanu sun zuba mata taki, sun gina rumbu biyu a gefe. Mutum ba ya yi wa gonar aro irin wannan hidima. Sun daɗe da ɗaukarta tasu, kuma babu wanda ya zo ya ce musu a'a. Muka nemi a maido mana da ita, suka ƙi, magana ta kai gaban mai gari.

Sallau ba mugu ba ne, ki riƙe wannan. Kwana biyu kafin a zauna gaban mai gari ya zo Tasawa da ƙafarsa, ya durƙusa gaban mahaifinki ya ce:

"Baba Mushe, ni ban san yadda kuka ƙare da tsoho ba. Ƙannena sun tashi sun tarar ba a kai wa kowa komai, sun ce kyauta ce. Amma ni na tuna muna ɗora dami a jaki. Kada mu tona wa juna asiri. A raba ta biyu, ku ɗauki gefen gabas."

Mahaifinki ya buɗe baki zai amsa, na riga shi. Na ce haƙƙi ba ya rabuwa, wanda ya karɓi rabin abinsa ya amince ke nan an ƙwace rabin. Sallau ya tashi ya kaɗe gwiwarsa ya tafi.

Ranar zama na sa kwat. Na miƙe gaban mai gari da dattawa na yi magana ta kusan rabin sa'a, ina haɗa Hausa da Faransanci, ina ambaton mallaka da asali da ƙa'idojin doka. Cikin zafin jawabi na kira abin da su Sallau suka yi mamaya da cin amana. Mai gari ya bar ni har na gaji, sannan ya ce:

"Malam Lawali, mun ji karatu. Akwai takardar aro?"

Na ce babu, a wancan zamani ba a rubutawa.

"Waɗanda aka yi aron a gabansu fa?"

Ɗaya ya rasu, ɗaya tsufa ya rufe shi, ko 'ya'yansa ba ya ganewa.

"To dami, yaushe rabon da a kai?"

Na ce shekara tara.

"Wa ya hana?"

Daga bayan taro wani ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan tsaye da kwat! A bakin masallaci ya hana, ina wurin!"

Wurin ya ɗauki dariya. Mai gari ya tsawatar, ya juya ga Sallau ya tambaye shi ko maganar rabawa da aka ji yana yi tana nan. Sallau ya ce, "Shekaranjiya ni ɗa ne, na kawo rabi. Yau an ce ni maci amana ne gaban surukaina. In na ba da rabi yanzu, na amsa sunan ke nan."

Hanya ɗaya ta rage, a kai magana gaba, a sa mutane su dafa Alƙur'ani. Na so a yi hakan. Mahaifinki ya ƙi. Ya ce ba zai sa 'ya'yan Nomau rantsuwa a kan abin da suka yi imani da shi ba, alhali gidanmu ne ya koya musu wannan imanin. Muka hau babur muka kamo hanyar Tasawa. Ina jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Har muka iso abin da ya ce mini kawai shi ne, "Yi a hankali, akwai yashi."

Daga wannan ki ɗauki darasi biyu. In rigima ta taso aka miƙo miki rabi da mutunci, ki dubi abin da ke hannunki na hujja kafin ki dubi abin da ke bakinki na magana. Kuma kada ki taɓa kunyata mutum a gaban jama'a kina tsammanin zai yi miki sauƙi bayan haka. Amma darasin da ya fi waɗannan girma shi ne, ba da Nomau muka yi shari'a ba. Nomau ya mutu yana cewa gonar Mushe ce. Da 'ya'yansa muka yi, waɗanda yawancinsu suka girma ba su ga dami yana fita ba.

Na san abin da za ki ce: Kawu Idi ba zai taɓa cin gonarki ba. Na yarda ɗari bisa ɗari. Mutum ne mai amana, ya riƙe innarki a lokacin da mutane da yawa suka ɗauke ƙafa. Sai dai gona ta fi mutumin kirki tsawon rai. Ranar da za ki buƙaci wannan fili, ranar da za ki dawo da furfura da dosiye a hannu kina jiran a kira sunanki, Kawu Idi ba ya nan, ni ma mai yiwuwa ba na nan. Da jikokinsa za ki yi magana, kuma abin da idonsu ya saba gani shi za su gaskata. Wannan 'yar gona ita kaɗai ta rage mana cikin ƙasar kakanki. Ba ta da girma, amma tana iya cika rumbu ɗaya, kuma rumbu ɗaya shi ne bambancin tsohuwar da ke jiran fanshonta cikin natsuwa da wadda ke jiransa da yunwa.

Batun kunya kuwa, maganinsa mai sauƙi ne. Ki karɓi daminki, sannan ki yi wa kawunki alherin da ya ninka shi sau goma. Ki aika masa sukari da azumi, ki saya wa matarsa magani, ki ɗinka wa yaransa kayan salla. Amma kada ki haɗa su rana ɗaya, kada a ce musaya aka yi. Kyauta daban, shaida daban. Kuma ki riƙa zuwa da kanki. Ki nemi izinin kwana biyu wurin majo kowace kaka, ki taka iyakar gonar daga kusurwa zuwa kusurwa, ki gaisa da masu gonakin da ke maƙwabtaka da ita, su san fuskarki. In za a kira masu shaida, kada a tsaya ga tsofaffi kaɗai don girmamawa. Ki sa a kira sa'anninki, waɗanda za su tsufa tare da ke. A rubuta takardar aro gaban mai gari, ki adana ta inda kika adana takardar ɗaukarki aiki. Ni mutumin takarda ne, ba zan raina ta ba. Amma takarda a akwati take kwana, mutum biyu ko uku suka san da ita, dami kuwa gari duka ke ganinsa. Ki riƙe su duka biyun. In albashi ya fara zama, ki sayi tunkiya ko biyu ki ba amintacciyar mace kiwo. Sauran dabaru za ki koya da kanki, kin fi ni natsuwa tun kina ƙarama.

Kada ki zaci ina ba ki maganin da ban sha ba. Ni ma ina da matirkil, ana cire mini rabon fansho daga albashin koyarwata a lise, babbar sakandare, kowane wata, kuma ina fatan cin moriyarsa. Duk da haka shekara uku ke nan ina noma filin da na ara wurin wata tsohuwa a hanyar Mayahi. Bara na ɗaure damin da hannuna, na ɗora a bayan babur, na ratsa tsakiyar kasuwa da shi da gangan. Ɗalibaina suka gan ni, washegari aji ya cika da ƙus-ƙus, har wata ta yi ƙarfin hali ta ce, "Mushe, an rage albashi ne?" Na ajiye darasin ranar na ba su labarin da na ba ki yanzu. Ina da tabbacin shi ne darasin tattalin arziki mafi inganci da aka taɓa bayarwa a wannan aji, kuma ba daga littafi na ɗauko shi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je ƙauye na samu Kawu Idi a gonar, suna yankan hatsi. Ban faɗa masa saƙonki ba, amma ashe innarki ta riga ta yi masa shaguɓe a waya. Ya ja ni gefe ya nuna mini wani dami da aka jingine shi kaɗai a gindin gawo, ya fi sauran girma, an ɗaure shi da sabuwar igiya. Ya ce:

"Lawali, wancan na ɗiyarku ne. Na ji wai tana jin kunyata. Ka gaya mata ni ma ina da tawa kunyar. In ta ƙi karɓa, baɗi ba ni sa hauya a wurin nan, ta nemi wani ta ba. Ina da 'ya'ya maza biyar, ba ni bar musu gadon rigima da 'yar'uwarsu."

Na ce masa ai yanzu ke babbar ma'aikaciya ce, sai an yi miki a hankali. Ya ce, "Babbar ma'aikaciya? Wadda na goya ta yi mini fitsari a wuya? Ce mata ta zo ta ɗauki kayanta kafin akuyoyi su riga ta."

To, kin ji. Gonar taki ce, hukunci naki ne, ba ni da ikon tilasta miki. In bayan kin karanta wannan duka har yanzu kina son yafe damin, sai ki zo ki faɗa da bakinki gaban kawunki da mai gari, kina sane da abin da kike bayarwa. Ni dai ba zan ɗauki wannan saƙo ba. Na taɓa kai irinsa sau ɗaya, ya ishe ni har ƙarshen rayuwa. Za su gama ɗaurin dami nan da kwana goma. Ki yi magana da majo tun gobe, ki sanar da ni ranar da za ki sauka a tasha, in zo in ɗauke ki mu wuce ƙauye tare.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin dare da na rana, ya sa ki gama aikinki lafiya kamar yadda kika fara shi lafiya. Allah ya ba ki tsufa mai rufin asiri, wanda ba za ki tsaya ƙofar kowa ba. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya yafe masa, ya sa ya yafe mini. Amin.

Wassalamu alaikum.

Naki,
Baba Lawali